Ina za a sa doki in hadari ya taso?

A wani gari kusa da Madarunfa akwai wa da ƙane, gidansu ɗaya, dokinsu ɗaya. Ingarma ne ja, mai ɗan fari a goshi. Shi suke hawa ranar kasuwa, shi suke yi wa ado ranar salla. In ya mutu ba su da halin sayen wani.

Wata rana cikin Agusta, da la'asar sakaliya, gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta tsaya cik. Kaji suka fara neman akurki. Dokin yana ɗaure a turkensa a tsakar gida, yana ta kaɗa kunne. Sai ƙanen ya fito da sauri.

Ya ce: «Yaya, mu shigar da dokin nan rumfa. Hadarin nan ba na wasa ba ne.»

Wan ya ce: «Wace rumfa? Wadda gara ta cinye wa ƙafafu? Bar shi nan. Ruwan sama bai taɓa kashe doki ba.»

«To, Yaya, ko in kai shi gindin gawon bayan gida?»

«Kai dai ba ka rabo da shawara. Na ce ka bar shi.»

Suna cikin gardama iska ta iso da ƙura. Kowa ya ruga ɗaki. Can cikin duhu aka ji ƙara: rumfar ta kife, iska ta fizge kwanon rufinta, wanda ake kira tol, ta yi jifa da shi tsakar gida. Da aka ɗauke ruwa suka fito da fitila. Dokin yana tsaye yana rawar jiki, jini yana zuba daga cinyarsa. Bakin tol ya yanke shi.

Wan yana da ɗa a makaranta. Da safe yaron ya ba malaminsu labari, ya ce: «Malam, tsakanin babana da baffana wa ke da gaskiya?» Malam ya ce kowa ya rubuta tambayar a littafinsa, ita ce darasin ranar.

Abin da doki yake yi in an bar shi

Wan bai yi ƙarya ba. Ruwan sama kaɗai ba ya cutar da lafiyayyen doki. In kun ga doki a sake cikin fili lokacin ruwa, ku lura da shi. Yakan juya wa iska baya, ya sunkuyar da kai, ya matse wutsiya, ya tsaya har ruwa ya wuce. In ruwa ya fara taruwa a ƙafafunsa, sai ya koma kan tudu. In wani abu ya taso masa, sai ya kauce. Ba wanda ya koya masa. Makiyayan arewacin Tawa, wajen Abalak, ba su gina wa dabbobinsu ɗaki, kuma dabbobin suna ganin damana lafiya.

Amma a ƙasar noma, kamar Maradi da kudancin Damagaram, ba a sakin doki da damana. Gero da wake suna ko'ina. Dokin da aka saka zai shiga gonar mutane, a yi ɓarna, a kai ƙara gaban maigari. In ingarma ne, zai bi goɗiyar wani ko ya yi faɗa da wani ingarma. Saboda haka, a nan, in an ce an bar doki waje, ana nufin an bar shi a ɗaure. Dokin da ke ɗaure kuwa ba ya iya gudu, ba ya iya kaucewa. Dabarar da Allah ya ba shi ba ta yi masa amfani, sai dabarar mai shi.

Iska

A Nijar damana takan kama daga Yuni zuwa Satumba, kuma yawancin manyan hadura daga gabas suke tasowa su nufi yamma. Iska ce ke gaba, ruwa yana biye. Iskar nan wani lokaci tana wuce gudun kilomita 70 a awa. Ita ce ke kwashe jinka, ta karya rassan dogon yaro, ta ɗaga tol. Iska ba ta kayar da doki. Abin da ta ɗauko shi ke yi masa rauni.

Ga kuskuren wa da ƙanen nan. Da an shigar da dokin rumfar, da ta faɗa masa a ka. Da aka bar shi a turke, turken yana yamma da rumfar, taki kaɗan tsakaninsu, wato daidai inda iskar gabas za ta jefa duk abin da ta ciro. Tun ranar da aka kafa turken a wurin aka yi kuskuren.

Aradu

Wannan ita ce babbar magana, don ita ce ke kisa nan take. Shawarar ƙanen ta biyu, ta gindin gawo, ita ce mafi muni cikin duka.

Walƙiya wutar lantarki ce mai ƙarfin gaske, wadda ke taruwa cikin gajimare. In za ta sauko ƙasa, ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo a wurin: itace guda a tsakiyar fili, ko dogon ƙarfe, ko mutum a kan doki. Gawo kuwa dogo ne, kuma sau da yawa shi kaɗai ne tsaye a gona. Da rani yana da inuwa, dabbobi suna cin ƴaƴansa, shi ya sa aka saba ɗaure su a gindinsa. Amma da damana yakan kaɗe ganyensa. Ko ruwan ma ba zai tare wa doki ba.

Ba sai aradu ta faɗa wa doki a jiki take kashe shi ba. In ta faɗa wa itace, wutar tana gangarawa cikin ƙasa, ta bazu ta kowane gefe, kamar yadda ruwa ke bazuwa in an kifar da tulu. Kusa da gindin itacen ƙarfinta ya fi yawa, yana raguwa da nisa. To, ku dubi tsayuwar doki. Tsakanin ƙafafunsa na gaba da na baya akwai wajen mita ɗaya. Ƙafafun gaba suna inda wutar ke da ƙarfi, na baya suna inda ta ragu. Sai wutar ta shiga ta ƙafafun gaba, ta ratsa jiki, ta fita ta na baya. Zuciya tana kan hanyar. Mutumin da ya haɗe ƙafafunsa wuri ɗaya bai ba wutar irin wannan hanya ba. Shi ya sa aradu ta fi kashe dawaki da shanu da raƙuma, kuma takan kashe da yawa a bugu ɗaya in sun taru. A shekarar 2016, a ƙasar Norwe, can arewacin Turai, aradu ta kashe dabbobin dawa 323 masu kama da barewa, waɗanda suka cunkushe wuri ɗaya lokacin hadari.

Ana cewa ƙarfe yana kiran aradu. Ƙaramin ƙarfe ba ya kiranta daga sama. Amma in ta sauko, ƙarfe yana kai ta nesa. Dokin da aka ɗaure da sarƙa, ko aka ɗaure jikin shingen waya, yana iya mutuwa ko da aradun ta faɗi can ƙarshen shingen. Ana kuma cewa ba ta faɗa wa wuri ɗaya sau biyu. Wannan ba gaskiya ba ne. Itacen da ta taɓa faɗa wa, in yana nan da tsawonsa, tana iya komo masa.

Kuna iya auna nisan aradu da kanku. Haske yana isowa ido nan da nan, amma ƙara tana tafiyar wajen mita 340 a sakan ɗaya, wato kilomita ɗaya cikin sakan 3. In kun ga walƙiya, ku fara ƙirga a hankali har ku ji tsawa, sa'an nan ku raba da 3. In kun ƙirga 15, tana nisan kilomita 5. In ba ku kai 30 ba, hadarin ya yi kusa: lokacin kai da kawo da doki ya wuce, kowa ya shiga ɗaki. Ran yaro ya fi na doki.

Wace irin barga?

Ɗakin doki shi ne barga. A gidajen sarauta, kamar fadar Sarkin Damagaram, akwai masu kula da dawaki, ba su da wani aiki sai shi. Talaka kuwa da abin da yake da shi zai yi.

Barga mai kyau ta fi waje. Mai kyau ita ce wadda bangonta yake da ƙarfi, aka yaɓe shi kafin damana, azara ko ƙafafun rufinta gara ba ta ci ba, tol ɗinta a kafe yake da ƙusa sosai. Ƙofarta ba ta kallon gabas. Daɓenta ya fi tsakar gida tudu, don kada ruwa ya kwanta. Tana da faɗin da doki zai juya, da tsawon da ba zai bugi rufi da kai ba in ya zabura. Rufaffen ɗaki irin wannan yana kare doki daga iska da ƙanƙara, yana kuma rage haɗarin aradu.

Rumfar kara ko ta zana, wadda gefunanta ke buɗe, inuwa ce kawai. Ba ta kare aradu, kuma iska tana shiga ƙarƙashinta ta ɗaga ta. Tsohon ɗakin ƙasa da ya sha ruwa kwana da kwanaki, har gindin bangonsa ya jiƙe, shi ma tarko ne. Cikin Agusta irin waɗannan ɗakuna suke faɗuwa.

Akwai kuma halin dokin kansa. Wanda bai taɓa shiga ɗaki ba, in aka tura shi ciki ran hadari, ga duhu, ga ƙarar ruwa a kan tol, zai firgita ya yi ta harbin bango har ya ji ciwo. Tun da bazara ake saba masa: a riƙa kai masa dusa da harawa can ciki, har ya ɗauki wurin gidansa.

In babu barga mai kyau

To, sai a bar shi waje, amma a zaɓi wuri. A kafa turke nesa da dogon itace, nesa da shingen waya da wayar lantarki, nesa da rumfa da duk abin da iska za ta iya ɗauka. Kada a kafa shi cikin kwari ko bakin gulbi. Gulbin Maradi yana iya zama busasshe da safe, da dare ya cika, ko da ba a yi ruwa a garin ba, don daga nesa ruwansa yake zuwa. Kada kuma a kafa shi a ƙololuwar tudu, inda doki zai zama shi ne mafi tsawo. Gefen yamma na katanga mai ƙarfi, da ɗan nisa tsakani, wuri ne mai kyau.

A cire sirdi da linzami, a bar ragama. A ɗaure shi da igiya, ba da sarƙa ba, da irin ƙullin da ake kwancewa da ja ɗaya. Igiyar ta isa ya juya wa iska baya, amma kada ta yi tsawon talala, don kada ta naɗe masa ƙafa in ya zabura. Dabaibayi ma a kwance shi. In dawaki sun fi ɗaya, a raba turakunsu.

Bayan ruwa

A jira kamar minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a fita. A goge wa doki jiki da busasshiyar ciyawa. A tsince ƙusoshi da guntayen tol daga ƙasa, a ɗaga kofatansa ɗaya bayan ɗaya a duba. In akwai rauni, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a kira ma'aikacin kiwo, domin ciwon sanƙarar jiki, wanda likitoci ke kira tetanos, yana saurin kama doki ta wurin rauni. Kada a bar shi tsaye cikin taɓo da kashinsa, kofato yana ruɓewa. Harawar da ta jiƙe ta yi fumfuna, a zubar, tana sa ciwon ciki. Da magariba kuma a yi masa hayaƙi, don waɗansu ƙananan ƙwari masu cizo da dare suna ɗauke da wata muguwar cutar dawaki mai kumbura kai da toshe numfashi.

Haka wa da ƙanen nan suka yi. Ma'aikacin kiwo ya zo ya ɗinke cinyar, ya yi allura. Da kaka ta yi, suka buga tubali.

Ma'anar kalmomi

Turke: guntun itacen da ake kafawa a ƙasa a ɗaure dabba.
Ragama: igiyar da ake sa wa doki a ka, ba ta da ƙarfen baki.
Talala: doguwar igiyar da ake ɗaure dabba da ita don ta yi kiwo.
Dabaibayi: ɗaure ƙafafun dabba biyu don kada ta yi nisa.

Tambayoyi

1. Don me ba a sakin doki da damana a ƙasar noma?
2. Turken dokin nan yana wane gefe na rumfa? Me ya sa wannan kuskure ne?
3. Don me aradu ta fi kashe doki bisa mutum, alhali suna tsaye wuri ɗaya?
4. Wani yaro ya ga walƙiya, ya ƙirga 21 kafin ya ji tsawa. Kilomita nawa ne tsakaninsa da aradun? Me ya kamata ya yi?
5. Malam bai amsa wa yaron kai tsaye ba. Ku amsa masa: wa ke da gaskiya, babansa ko baffansa?

Aiki

Ku zana gidanku a takarda. Ku nuna gabas da yamma, da itatuwa, da rumfuna, da inda ruwa ke bi. Ku sa alama inda ake ɗaure doki, ko jaki, ko san noma. In akwai wurin da ya fi shi, ku sa wata alama, ku nuna wa maigidanku da ladabi, ku kawo amsarsa aji.