Guguwar Amurka Tana da Suna, Hadarin Yamai Ba Shi da Shi

Duk damina, da zarar gidajen rediyo sun fara ba da labarin wata mahaukaciyar guguwa a Amurka, mu ma'aikatan hasashen yanayi a nan Yamai sai mu sha tambaya: wa ke raɗa musu waɗannan sunaye, kuma za su iso nan?

Ba ranar da guguwa ta taso ake neman sunanta ba. Wani kwamiti na Hukumar Yanayi ta Duniya ne ke riƙe da jerin sunaye shida na tekun Atlantika, kowace shekara da nata, bayan shekara shida a koma kan na farko. Kowane jeri suna 21 ne, bisa tsarin haruffan boko: guguwar farko a shekara ta ɗauki A, mai bi mata B, haka har W. Ana tsallake Q, U, X, Y da Z saboda ƙarancin sunayen da ke farawa da su. A 1953 Amurka ta soma da sunayen mata zalla, sai a 1979 aka shigar da na maza, yanzu mace ce ke bin namiji, namiji na bin mace. Kuma sai gudun iska ya kai kilomita 63 a awa ake ba ta suna.

Ke nan harafi layi yake nunawa, ba ƙarfi ba. In ka ji suna mai farawa da D, ta huɗu ce a shekarar, shi ke nan. Wadda ta yi mummunar ɓarna kuwa, ana soke sunanta har abada: Katrina ta 2005 ta fita, Katia ta maye gurbinta. A 2005 da 2020 sunayen sun ƙare ƙaf, aka ari haruffan Girka. Ta 2020 ma guguwa 30 aka lissafa, har a 2021 hukumar ta yi watsi da wannan aro, ta tanadi jerin ko-ta-kwana.

Harafin I ya fi kowanne yawan sunayen da aka soke: Ivan, Ike, Irma, Ida, Ian. Ba wani tsafi a ciki. Sau da yawa guguwa ta tara, mai harafin I, takan faɗo ne a Agusta ko Satumba, lokacin da teku ya ɗumama sosai, mu kuma malka ta kankama.

Wannan daidaituwa ba banza ba. A tsakiyar damina, kusan duk bayan kwana uku zuwa biyar, wata igiyar iska kan taso daga gabas ta ratsa Cadi, Nijar, Mali da Senegal, tana jan hadari. A hoton tauraron ɗan Adam muna ganin tarin gajimaren yana tafiya yamma har ya faɗa teku wajen tsibiran Cape Verde. Yawancinsu can suke mutuwa. Kaɗan kan sami ruwan teku mai ɗumi su fara juyawa, kuma daga cikinsu ne mafi yawan manyan guguwoyin Atlantika ke fitowa. Irma ta 2017 daga gaɓar Afirka ta Yamma ta tashi. Don nazarin wannan damina tamu ne a 2006 masana daga Turai da Amurka suka kafa na'urori a filin jirgin saman Yamai, garin da ke da cibiyoyin nazarin yanayi na ACMAD da AGRHYMET.

Amma hanyar tafi ce, babu dawowa. Irin wannan guguwa da ɗumin teku take rayuwa, in ta hau tudu sai ta raunana, Yamai kuwa ɗaruruwan kilomita ne tsakaninta da teku. Don haka saƙon WhatsApp da ke cewa guguwa wance za ta afka wa Yamai ranar kaza, kada ka tura wa kowa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda suna ke sa a kasa kunne, namu hadarin da ba shi da suna kuma a raina shi. Alhali shi ne ke zuwa da jar ƙura a gaba, ya yaye kwanon rufi, ya rusa ginin laka. A Satumban 2020 kogin Isa ya shiga unguwannin Harobanda ba tare da wani harafi ba. Namu gargaɗin da launi yake tafiya: rawaya, ruwan lemo, ja. Idan aka sanar cewa ma'aunin kogi a Yamai ya kai santimita 620, an shiga ja, mazauna bakin kogi su tattara yara da takardu su hau tudu.