Sabon Malami da Matakalar Aiki

Ya ku ɗalibai masu shirin fita, yau darasinmu a kan abin da za ku tarar ne ran da aka ba ku takardar kama aiki, aka ce ku tafi wata makaranta a Lafia, ko Doma, ko Awe.

Aikin gwamnati matakala ne. Mai takardar NCE a kan ɗauke shi a mataki na 7, mai digiri kuwa a mataki na 8. Bayan shekara 2 na gwaji a kan tabbatar wa mutum da aikinsa, daga nan ƙarin girma ya kan zo bayan kamar shekara 3, in hali ya yi. Tun 1993 aka kafa hukumar rajistar malamai, watau TRCN, wanda bai yi rajista ba kuwa ba a lissafa shi cikin ƙwararru. Dokar tarayya ta 2022 ta kai ritayar malami zuwa shekara 65 da haihuwa, ko 40 yana aiki. Kun ga tafiyar da nisa. Saboda haka ku adana takardunku wuri guda, ta ɗaukar aiki, da ta tabbatarwa, da ta kowane ƙarin girma. Na san wani malami da ya sha wuya ƙwarai wajen karɓar haƙƙinsa don takarda guda da gara ta cinye.

Ga misali a gida. Mai Martaba Sidi Bage Muhammad ya fara daga kujerar majistare, ya hau Babbar Kotun Abuja, ya wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara, sai a 2016 ya shiga Kotun Ƙoli. A 2019, bayan rasuwar Sarki Isa Mustapha Agwai, aka naɗa shi Sarkin Lafia. Bai tsallake mataki ko ɗaya ba.

To, amma abin da ya fi kā da sabon malami ba takarda ba ce, zama da mutane ne. Sau da yawa za ka iske hedimasta wanda ka fi shi yawan karatu. Kada wannan ya ruɗe ka. Shi ya san wane uba ne ke janye ɗansa lokacin haƙar doya, ya san mai unguwar da za a gaisar kafin a taɓa filin makaranta, kai kuwa ba ka ko san hanyar rijiya ba tukuna. In ka ga kuskurensa, same shi a ofis ku biyu, ka ce, "Ranka ya daɗe, ina da 'yar shawara." In ka gyara masa a gaban malamai, ko da gaskiyarka, ka yi asarar mai koya maka aiki, kuma shi ne zai rubuta rahoto a kanka ƙarshen shekara. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Sai kuma ɗakin malamai. Tun da aka yanke Jihar Nasarawa daga Filato ran 1 ga Oktoba 1996, Lafia ta zama babban birni, ta ƙara cika da ma'aikata. A tebur guda za ka zauna da Eggon, da Alago, da Gwandara, da Migili, da Tibi, da Babarbare, Musulmi da Kirista, Hausa ce ta haɗa ku. Ka gai da kowa da safe, har masinja da mai gadi. In an yi wa wani rasuwa ka je gaisuwa, ko ba addininku ɗaya ba. In aka fara rarrabuwa ƙabila-ƙabila kan wanda za a ba mataimakin hedimasta, ka kama bakinka, ka koma ga shirin darasinka.

Shugabanci kuma da ƙaramin abu a ke gwada shi. Za a ba ka rajistar aji, ko lambun makaranta, ko kuɗin wasanni. Rubuta kowane kwabo da ya shiga da wanda ya fita, ka sa wani malami ya sa hannu tare da kai, ka kai wa hedimasta littafin tun bai tambaya ba.