Darasin Kiwon Dabbobi: Ƙaiƙayin Kare da Yadda Ake Shawo Kansa

Da zarar an kawar da amfanin gona, mafarautan Kademi da na ƙauyukan Gaya da Ajingi sukan shiga daji da karnukansu. Makiyayi da kare yake kwana a ruga. Manomin da ke nesa da gari kuwa, kare ke yi masa gadin rumbu da awaki. Addini ya halatta ajiye kare saboda irin waɗannan ayyuka, kuma duk dabbar da mutum ya ajiye, cinta da lafiyarta suna wuyansa.

Sau da yawa za a ga kare yana susa dare da rana, gashi ya zube, fata ta yi kauri ta yi baƙi. Ba ya barci, ya rame, ba ya iya bin zomo. Nan take sai a ce ƙazwa ce, a shafa masa baƙin mai. Alhali ƙaiƙayin kare iri-iri ne. Wani ana warkewa sarai, wani kuwa sai dai a lallaɓa shi muddin ran karen.

Ire-iren ƙaiƙayi

1. Ƙazwa. Wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani yake haƙa rami cikin fata. Takan fara daga bakin kunne, da gwiwar ƙafafu, da ciki. Idan aka murza bakin kunnen kare sai ya kama harba ƙafar baya kamar mai susa, to akwai alamarta. Tana yaɗuwa tsakanin karnuka, kuma yaran da ke wasa da karen sukan yi ƙuraje masu ƙaiƙayi. Ana warkewa daga gare ta.

2. Cizon ƙuma. Wasu karnuka jikinsu ba ya jure yawun ƙuma, cizo kaɗan ya isa ya sa su susa kwana da kwanaki. Gashi yakan zube a gindin wutsiya, da gadon baya, da cinyoyi. Ƙuma ɗaya tana iya yin ƙwai har 50 a rana, kuma mafi yawan ƙwan a ƙasa yake zuba, inda karen ke kwana.

3. Borin jini. Wannan shi ne mai daɗewa. Jikin karen ne ke faɗa da abin da ba ya cutar da sauran karnuka, kamar ƙura, ko garin furen ciyawa, ko wani abinci irin su naman shanu, kaza ko nono. Yawanci yakan fara tun kare yana tsakanin wata 6 da shekara 3. Za a ga yana lasar tafin ƙafa, yana goga fuska a ƙasa, kunne yana wari. Yakan lafa ya dawo, wani da damina, wani da ƙurar hunturu. Ba ya yaɗuwa zuwa wani kare ko mutum.

Abin da za a yi

Da farko a kai karen wurin malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Yakan kankaro fata kaɗan a duba da madubin likita. In ƙazwa ce, akwai magani irin su Ivomec, amma sai an maimaita shi na wasu makonni, kuma a yi wa duk karnukan gidan tare.

Na biyu, a yaƙi ƙuma da kaska. A share makwancin kare, a ƙona tsohon buhu ko tsumman da yake kwana a kai, a sa wani.

Na uku, in an kawar da ƙazwa da ƙuma amma susa ba ta daina ba, a gwada abinci. A ba shi abinci iri ɗaya tak, da naman da bai saba ci ba, har mako 8. A ɗaure shi don kada ya ci na bola. In ya samu sauƙi, sannan aka mayar da tsohon abincin ƙaiƙayi ya dawo, an gano mai laifi ke nan.

Na huɗu, a riƙa yi masa wanka sau ɗaya a mako da sabulu marar ƙarfi, a ɗauraye sosai. In an dawo daga daji a wanke masa ƙafafu da ciki.

Na biyar, kada a bar gyambo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fatar da susa ta fasa ita ƙwayoyin cuta da ƙudaje ke bi. In an ga ruwa ko mugunya, a koma wurin malamin dabbobi.

Abin da za a guje wa

Kada a shafa baƙin mai, ko kananzir, ko fiya-fiya, ko maganin feshin wake. Suna ƙona fata, kare ya lasa ya mutu, yaro ya taɓa ya kai baki. Kada a yi masa allurar shanu da ka, musamman kwikwiyo, domin kowane magani da nauyin dabba ake auna shi. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Magungunan kashe ƙaiƙayi irin su desametason suna kwantar da susa da sauri, amma yawan ba da su yana raunana jikin kare, don haka sai da umarnin likita.

Ranar da aka kai kare asibiti, a nemi a yi masa rigakafin ciwon haukan kare. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Bom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin wannan allura, kuma duk shekara ake sabunta ta.

Tambayoyi don 'yan aji

1. Wane irin ƙaiƙayi ne ke kama yara daga jikin kare?
2. Mako nawa ake yi ana gwajin abinci?
3. A rubuta abubuwa uku da ba a shafa wa kare.