Bawa, Ɗa da Doka: Muhimman Kalmomi Don Fahimtar Tarihin Bauta da Hana Ta a Ƙasar Gumel

Gabatarwa

A ƙaddara cewa a wani ƙauye na ƙasar Gumel akwai wata baiwa da mijinta, shi ma bawa, suka haifi 'ya'ya biyu maza. An haifi wan a watan Maris na shekarar 1901, ƙanen kuma a daminar 1903. A wajen masanin ilmin halittu waɗannan yara shaƙiƙai ne, domin kowannensu ya karɓi rabin ƙwayoyin gadonsa daga uwar nan, rabi daga uban nan. Amma a ƙarƙashin dokar da Gwamna Lugga ya kafa, wan bawa ne, ƙanen kuwa ɗa ne, saboda dokar ta ce duk wanda aka haifa bayan ranar 31 ga Maris, 1901, ba shi da ubangiji. Ke nan kwanan wata ne kurum ya raba su.

Wannan misali ya nuna cewa bauta matsayi ne da shari'a da siyasa suke ɗora wa mutum, su ne kuma suke cire shi. Saboda haka wanda yake son fahimtar rikicin da aka yi a kanta, dole ya fara da sanin kalmomin da aka yi rikicin da su. Wannan maƙala za ta bi muhimmai daga cikinsu, ta hanyar duba ƙasar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a jihar Jigawa.

Gumel a Tsakanin Manyan Dauloli

Mangawa ne suka kafa masarautar Gumel wajen shekarar 1750, kuma ta kasance mai biyayya ga daular Barno. Jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804 bai shigar da ita cikin daular Sakkwato ba. Sai ta zama ƙasar kan iyaka: Kano da Haɗeja na gefe guda ƙarƙashin tutar Sakkwato, Damagaram na arewa, Barno na gabas. Bajamushen matafiyin nan, Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya ratsa Gumel a 1851 kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya tarar da babbar kasuwar kanwa.

Zama a kan iyaka yana kawo ciniki, yana kuma kawo hari. Kalmar hari a nan tana nufin farmakin da mahaya suke kai wa ƙauyuka don kama mutane da dabbobi. Gumel ta daɗe tana yaƙi da Haɗeja, sannan a ƙarshen ƙarni na 19 hare-haren Damagaram suka rage yawan mutanenta ƙwarai. Wanda aka kama yana iya ƙarewa a kasuwa, ko a gandun wani basarake, ko a cikin gaisuwa, wato kyautar biyayya da ƙaramin sarki yake aika wa babba, wadda sau da yawa takan haɗa da bayi. Wasu kuma akan haura da su Sahara zuwa Murzuk da Tarabulus, kamar yadda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya siffanta a littafinsa Shaihu Umar.

Kalmomin Matsayi

Kishiyar bawa a Hausa ita ce ɗa, kishiyar baiwa kuma 'ya, daga nan ne aka sami kalmar 'yanci. Wannan ya nuna yadda Bahaushe ya fahimci al'amarin: mai 'yanci shi ne wanda yake da dangin da za su tsaya masa, ya gaje su, su gaje shi. Bawa kuwa an yanke shi daga danginsa.

Bayi ba matsayinsu ɗaya ba. Akwai wanda aka kamo ko aka sayo, shi ne ya fi kowa fuskantar haɗarin a sake sayar da shi. Akwai bacucane, wato wanda aka haifa cikin bauta a gidan ubangijin iyayensa. Bisa al'ada abin kunya ne a kai shi kasuwa. Akwai ƙwarƙwara ko sa-ɗaka, baiwar da ubangijinta ya ajiye a ɗaki. A fiƙihun Malikiyya idan ta haihu da shi, ɗan da ta haifa ɗa ne cikakke mai gadon ubansa, ita kuma ba za a sayar da ita ba, za ta kuma 'yantu ranar da ya rasu. Sarakuna da yawa a ƙasar Hausa ta wannan hanya aka haife su. Akwai kuma bayin sarki, irin su Shamaki da Ɗanrimi da Sallama a fadar Kano, waɗanda ikonsu ya fi na 'ya'ya masu yawa, amma duk da haka suna hannun sarki. Mafi yawan bayi dai manoma ne da ke zaune a rinji, wato ƙauyen bayi, suna noma gandun ubangiji, su yi 'yar gayaunarsu a sauran lokacin da ya rage.

Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun ƙiyasta cewa wajen shekarar 1900 akwai bayi tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2.5 a daular Sakkwato. Wannan adadi ya isa ya nuna cewa noma da saƙa da rini da fatauci duk sun dogara da su.

Wa Ya Halatta a Bautar?

Tun kafin zuwan Turawa malaman wannan yanki suna muhawara kan bauta, sai dai tambayar da suka fi yi ita ce: wane ne bai halatta a bautar ba? Wajen shekarar 1615 Shaihu Ahmad Baba na Tumbuktu ya rubuta fatawa cewa launin fata ba dalilin bauta ba ne, ya kuma lissafa mutanen Kano da Katsina da Gobir da Barno cikin Musulmin da bai halatta a mallake su ba. Bautar da 'ya'ya Musulmi na daga cikin abubuwan da Shehu Usmanu ya zargi sarakunan Hausa da su, kuma kama mutanen Gimbana da dakarun Gobir suka yi na cikin abin da ya hura wutar jihadi.

Matsalar ita ce wa zai yanke hukuncin cewa wane Musulmi ne, wane ba Musulmi ba? A kan wannan ne Muhammadu Bello da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno suka yi musayar wasiƙu, Kanemi yana cewa aikata saɓo ba ya fitar da jama'a daga Musulunci. Ga talakan Gumel, wanda ƙasarsa take bin Barno, wannan muhawara ta wuce ta littafi, domin a lokacin yaƙi sunan da maƙwabci ya kira shi da shi yana iya zama hujjar sa masa igiya a wuya.

Hanyoyin Fita

Fansa ita ce kuɗi ko dukiyar da dangi suke biya su karɓo ɗan'uwansu da aka kama. Fansar kai kuwa bawa ne yake sayen kansa daga ubangijinsa. Murgu kuɗi ne da bawa yake biya a kai a kai don a ƙyale shi ya yi sana'arsa. Asalinsa bai 'yantar da kowa, amma yakan ba bawa damar tara abin fansar kai. 'Yantawa kuma ita ce ubangiji ya saki bawa don neman lada, ko don kaffara, ko ya yi wasiyya cewa bawan ya 'yantu bayan mutuwarsa. Abin lura shi ne duk waɗannan hanyoyi mutum ɗaya suke fitarwa, su bar tsarin yadda yake.

Hana Bauta: Kalma Ɗaya, Matakai Uku

A nan ne ɗalibai suka fi ruɗewa. Idan aka ce an hana bauta, ana iya nufin ɗaya daga cikin abubuwa uku.

Na farko shi ne hana fataucin bayi, wato kamawa da saye da sayarwa. Ingila ta hana 'yan ƙasarta wannan ciniki a 1807, bayan gwagwarmayar mutane irin su William Wilberforce, amma bayin da ke gonakin rake a ƙasashen da take mulka sun ci gaba da bauta.

Na biyu shi ne soke matsayin bauta a gaban shari'a. Ma'anarsa kotun gwamnati ba za ta karɓi ƙarar wanda ya ce wane dukiyarsa ne ba, amma ajiye bawa bai zama laifi ba. Ingila ta gwada wannan dabara a Indiya a 1843.

Na uku shi ne 'yantar da kowa da kowa. Ingila ta zartar da wannan doka a 1833, ta biya masu bayi diyyar fam miliyan 20, bayin kuwa ba su sami ko anini ba, aka ma tilasta musu ci gaba da aiki har 1838. Faransa ta 'yantar da nata a 1848, Amurka a 1865 bayan yaƙin basasa, Birazil a 1888. Su kansu masu adawa da bauta sun rabu biyu: 'yan nan-take da 'yan sannu-sannu. Wata dabarar 'yan sannu-sannu ita ce 'yancin haihuwa, wato a 'yantar da jariran da za a haifa, a bar iyaye su tsufa cikin bauta. Birazil ta yi haka a 1871.

Da wannan bayani za a gane abin da Lugga ya yi. Dokarsa ta 1901 ta haɗa mataki na farko da na biyu da 'yancin haihuwa, ta tsallake na uku. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, shekarar da Sarkin Gumel Ahmadu ya miƙa wuya, an rufe kasuwannin bayi, an hana hari. Da bayi masu yawa suka fara gudu daga rinjoji, sai gwamnati ta ji tsoron rushewar noma da fushin sarakunan da take son yin mulki ta hannunsu. Don haka aka riƙa hana gudajjen bawa filin noma, aka tura masu neman 'yanci gaban alƙali su yi fansar kai, aka mai da murgu hanyar biya kaɗan-kaɗan. Batun ƙwarƙwara kuma aka ɗauke shi a matsayin maganar aure. Zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa sun taimaka wa wasu bayi samun kuɗin fansa, kuma layin da ya ratsa Gagarawa ya isa Nguru a 1930. Sai a 1936 aka yi dokar da ta 'yantar da kowa a Arewacin Nijeriya. Wato wan nan da aka ambata a farko yana iya kai shekara 35 kafin doka ta daidaita shi da ƙanensa.

A tsallaken iyakar Maigatari labarin ya ɗan bambanta. Faransa ta ci Damagaram a 1899, ta kuma yi dokar hana bautar da mutane a yankunanta na Afirka ta Yamma a 1905. Sai dai ƙasashen biyu sun kawo wani abu da ake kira aikin tilas, inda ake ɗibar talakawa gyaran hanya da dako. Faransa ba ta soke shi ba sai a 1946. A Nijeriya kuma an ɗebi dubban mutane zuwa haƙar kuza a Jos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ita ma bautar ba ta mutu gaba ɗaya ba. Jamhuriyar Nijar ta mai da ita laifi mai hukunci a 2003, kuma a 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sami gwamnatin ƙasar da laifin kasa kare wata mata daga jihar Tawa da aka sayar tun tana yarinya.

Abin da Ilmin Halittu Ya Ce

Masu kare bauta a Turai da Amurka sun fake da kimiyya, suna cewa baƙar fata wani jinsi ne daban da aka halitta don hidima. Bincike ya rushe wannan da'awa. Dukkan 'yan Adam jinsi ɗaya ne, kuma a 1972 masanin gado Richard Lewontin ya nuna cewa kusan kashi 85 cikin 100 na bambancin ƙwayoyin gado ana samunsa ne tsakanin mutanen al'umma guda, ba tsakanin wata al'umma da wata ba.

A ƙasar Hausa ba launi aka fi riƙewa ba, asali aka riƙe. Har yau akan ji an fasa aure don an ce wane yana da jinin bayi. To, kowane jariri yana karɓar kuromosom 23 daga uwa, 23 daga uba. Suna ɗauke da bayanin rukunin jini da tsawo da cututtuka irin su amosanin jini, amma babu ko ɗaya da ke ɗauke da bauta ko sarauta. Bugu da ƙari, kowane mutum yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8. Idan aka koma baya hawa goma, guraben kakanninsa sun kai 1,024. A ƙasar da aka yi ƙarnuka ana hari da ajiye ƙwaraƙwarai, da wuya a sami wanda zai rantse cewa babu bawa a cikin waɗannan gurabe, ko kuma babu basarake.

Kammalawa

Mai nazarin wannan tarihi ya kamata ya riƙa tambayar kansa duk lokacin da ya ci karo da kalmar hana bauta: fatauci aka hana, ko matsayi aka soke, ko kuwa mutane aka 'yantar? Wa aka biya diyya, wa kuma ya biya fansa? Da waɗannan tambayoyi zai gane dalilin da ya sa aka ɗauki shekara 35 tsakanin dokar 1901 da ta 1936. Zai kuma gane cewa mutanen Gumel da maƙwabtansu sun ɗanɗani abin ta fuska biyu, an kama nasu, su ma sun ajiye na wasu. Sashe na 34 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya haramta riƙe kowa cikin bauta. Abin da ya saura shi ne gorin asali a wajen neman aure da rabon muƙami, wanda ba shi da madogara a doka, ba shi kuma da ita a kimiyya.