Uwargida da Iskar Ɗakinta a Lokacin Hunturu

Darasinmu na wannan fitowar ya shafi iskar da iyalanmu ke shaƙa cikin dare idan sanyi ya kankama.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a Mawashi da sauran garuruwan Kusada da Kankiya, iska ce busasshiya ke kaɗowa daga Sahara ɗauke da ƙura. Shi ya sa leɓe ke tsagewa, yara su yi ta haɓo da tari. To amma uwargida, kin taɓa tashi da asuba kin ga ruwa ya kwanta a gilashin taga, ko yana ɗiga daga kwanon rufi alhali ba a yi ruwan sama ba?

Wannan ruwan daga cikin ɗakin ya fito. Numfashin masu barci, tururin ruwan wanka da jiƙaƙƙun kayan jariri duk suna sakin danshi. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi riƙe danshi, saboda haka da zarar ta taɓa gilashi ko kwano mai sanyi sai ta sauke shi, kamar dai raɓa. Idan abin ya daɗe, funfuna ta kama bayan sif da ƙasan katifa, ita kuwa tana tayar da asma.

Masana sun ce danshin da ya dace da ɗaki shi ne kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Ga abin da za ki yi:

1. Ki buɗe tagogi na minti 15 da hantsi, idan hazo ya lafa.
2. Ki goge ruwan taga da busasshen tsumma kowace safiya.
3. Shanya a tsakar gida, dafa ruwa a madafi.
4. Ki ɗan janye gado da sif daga jikin bango.
5. Idan kuwa bushewa ce ta yi yawa, ki rataya jiƙaƙƙen tawul guda ɗaya, ki yawaita ba yara ruwa.

Babban haɗari kuma shi ne kaskon gawayi. Garwashi na fitar da iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari balle launi. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri, mai barci kuwa yana iya wucewa bai farka ba. Don Allah kada a kwana da kasko a ɗaki, kuma a bar 'yar kafar da iska za ta shiga. Wanda ya jigata a fitar da shi waje, a garzaya asibiti.

Haka nan cunkoso a rufaffen ɗaki na taimaka wa yaɗuwar sanƙarau, cutar da ta kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya a 1996.

Ki tattauna wannan da maigida da abokan zama tun kafin sanyi ya tsananta. Allah Ya ba mu lafiya, amin.