Yadda jami'in yaɗa labarai zai tari rahoton kwamitin majalisa

Sashe na 88 da na 89 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 sun ba Majalisar Dokoki ta Ƙasa ikon bincikar ma'aikatu da kiran jami'ansu su yi bayani. Don haka idan kai ne ke riƙe da ofishin yaɗa labarai na wata ma'aikata, ka sa a ranka wata rana sunan gidanku zai fito a rahoton kwamiti. Ga yadda ake tarar ranar.

Fara shiri tun ranar da takardar gayyata ta iso. Ka zauna da minista ko babban sakatare, ka jefa masa tambayoyin da ba ya so a yi masa, ya amsa a ofis kafin ya amsa a gaban kyamara. Zaman da kwamitin Majalisar Wakilai ya yi kan kuɗaɗen hukumar NDDC a Yulin 2020 ya isa darasi: ana nunawa kai tsaye a talabijin muƙaddashin shugaban hukumar ya sume, kuma wannan hoton ne ya zauna a ran jama'a fiye da abin da rahoton ya ƙunsa. Ranar zama ka tafi da littafinka, ka rubuta tambayar da aka yi ta maimaitawa, domin ita ce kanun labaran gobe.

Sai ka sa ido a kan jadawalin zaman majalisa, wadda ta saba zama Talata da Laraba da Alhamis. Da zarar an gabatar da rahoton, nemi kofe wurin akawun kwamiti. Kada ka mai da martani kan guntun shafi da ke yawo a WhatsApp.

A nan ne da yawa ke tuntuɓe. Gabatar da rahoto daban, amincewa da shi daban. Kafin zauren majalisa ya tattauna ya amince, abin da ke ciki shawarwarin kwamiti ne. Ka faɗa wa 'yan jarida haka cikin ladabi, amma kada ka fake da shi don gudun amsa.

Yanzu ka karanta rahoton baki ɗaya tare da daraktan kuɗi da lauyan ma'aikata. Ku kasa zarge-zargen: wanda gaskiya ne, wanda aka riga aka gyara, da wanda kwamiti ya yi kuskure. Kowanne a nemo masa takarda, bauca ce ko rasit ko shaidar mai da kuɗi asusun bai ɗaya na gwamnati. Kwamitin kula da asusun gwamnati kan yi aiki da rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, kamar yadda sashe na 85 ya tanada, kuma sau da yawa lissafin na shekarun baya ne. Ka bayyana shekarar ƙarara, ba tare da ka jefa laifin kan waɗanda suka gabata ba. Inda aka yi kuskure, a amsa shi, a faɗi ranar da za a gyara.

Rubuta sanarwa shafi ɗaya, babban sakatare ya amince, ta fita a ranar kafin labaran dare. Mutum ɗaya kaɗai zai yi magana da yawun ma'aikata. A ganina wajibi ne a shirya ta Hausa tun daga tushe, a samu mai iya baki ya shiga rediyo, domin manomin da aikin ma'aikatar ya shafa a rediyo yake jin labari.

Kada ka ce siyasa ce, kada ka zagi shugaban kwamiti. Gaban majalisar nan za ku koma kare kasafin kuɗinku. Ambulan ta toshiyar baki kuwa ba ta kashe labari, sai dai ta haifo na biyu. Wanda ya nemi takardu bisa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, kwana 7 doka ta ba ku ku amsa. Idan maganar ta kai EFCC ko ICPC ko kotu, kada kalma ta fita sai lauya ya gani.

Bayan ƙura ta lafa, ka ajiye jerin alkawuran da kuka yi, ka riƙa tuna wa shugabanninka, ka kuma sanar da jama'a duk wanda aka cika.