Zaɓen Tabaran Hangen Nesa Mai Sauƙin Kuɗi ga Mafarautan Karkarar Arewacin Kano

Tsakure

Wannan muƙala ta duba yadda mafarauci mai ƙaramin ƙarfi zai zaɓi tabaran hangen nesa da ya dace da gonakin arewacin Jihar Kano. An yi bayanin lambobin da ake rubutawa a jikin tabaran, da hanyoyin gwada shi kafin a biya kuɗi, da kuma abin da hazo da damina suke yi masa. Muƙalar ta karkata ga ra'ayin cewa tabarau mai matsakaicin ƙarfi ya fi mai babbar lamba amfani a wannan yanki.

1.0 Gabatarwa

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ta Bichi zuwa Tsanyawa, ba zai ga dajin da ya amsa sunansa ba. Gona ce ke bin gona, ƙauye yana hangen ƙauye, sai itatuwan da manoma suka bari da gangan: gawo, ɗorawa, kuka, tsamiya da darbejiya. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da kuma Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya nuna cewa kusan duk ƙasar ana noma ta kowace shekara ba tare da hutu ba. Manyan namun daji sun daɗe da barin irin wannan wuri. Abin da ya rage wa mafarauci shi ne zomo, kurege, gafiya, damo, fakara, hasbiya, kurciya da zabon daji jefi-jefi, sai kuma tsuntsayen ruwa a madatsu irin su Watari a Bagwai, Tomas a wajen Ɗambatta da Jakara a Wasai.

Duk da haka farauta ba ta mutu ba. Da an kawar da amfanin gona, matasa kan fita da karnuka da gora da barandami, maharba kuma da bindigar toka ko baushe. Tabaran hangen nesa baƙo ne a cikin waɗannan kaya, kuma yana da tsada. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, duk wani kaya da ake shigowa da shi ya bi ta. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, manomi kuwa ko wannan ba shi da tabbacinsa kowane wata. Wanda ya sayar da buhun gero ya sayi tabaran da bai yi aiki ba, ya yi asarar da za a ji a tukunyar gidansa.

2.0 Aikin tabarau a ƙasar da mutane suka cika

A dajin da babu kowa, amfanin tabarau shi ne gano inda nama yake. A gonakin Kano kuwa babban amfaninsa shi ne tantance abin da aka hango. Motsin da ake gani a cikin kara ko a gindin geza yana iya zama zomo, yana iya zama akuyar maƙwabci, yana iya zama yaron da aka aika yankan ciyawa. Zabon gida yakan yi nisa da gida wajen kiwo, kuma daga nesa ba ya bambanta da na daji. Harbinsa kan jawo biyan kuɗi gaban mai unguwa ko dagaci, da ɓacin zumuncin da ya fi kuɗin tsada. Idan kuwa mutum aka samu, magana ta wuce dagaci.

Akwai kuma doka. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da dokar tarayya ta 1985 kan halittun da ke fuskantar ƙarewa sun taƙaita abin da za a iya kashewa. Gauraka, wanda ake ɗauka a matsayin tsuntsun Nijeriya, ya yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar. Ungulun da da take cika mahauta an sanya ta cikin jerin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa a 2015. Maharbin da ya iya bambance tsuntsu kafin ya ɗana kunama ya tsare kansa daga laifin da bai yi niyya ba.

Wannan shi ne ma'aunin zaɓe. Bindigar gargajiya ba ta kai wa nesa, gonaki ƙanana ne, itatuwa da shinge suna tare ido. Abin da ake buƙatar gani yawanci yana tsakanin mita 30 zuwa 300.

3.0 Ma'anar lambobin

Kowane tabarau yana ɗauke da lambobi biyu, misali 8x42. Ta farko ita ce ƙarfin jawowa: abin da ke nisan mita 80 zai bayyana kamar yana mita 10. Ta biyu ita ce faɗin gilashin gaba da milimita, shi ne ƙofar da haske ke shiga.

Mai saye yakan ɗauka cewa babbar lamba ita ce nagarta, 'yan kasuwa kuma sun san da haka. Amma tabarau yana jawo rawar hannu kamar yadda yake jawo zomo. Mutumin da ya sha tafiya a gona yana haki zai iya riƙe mai ƙarfi 7 ko 8 hoton ya tsaya. Mai ƙarfi 10 yana buƙatar natsuwa, daga 12 zuwa sama kuwa sai an dogara shi a kan wani abu. Haka nan, duk ƙaruwar ƙarfi tana rage faɗin filin da ake gani. Mai 8x42 yakan nuna fili mai faɗin mita 120 zuwa 140 a nisan mita 1,000, mai 10x50 kuma wajen mita 105 zuwa 115. Fakarar da ta tashi daga kara ba ta jiran a nemo ta a cikin ƙunƙuntaccen da'ira. Ga yanayi kuma: hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, da kawalwalniyar bazara da ke sa nesa ta riƙa rawa. Ƙarfin jawowa ba ya ratsa ƙura, ƙara girmanta kawai yake yi.

Lamba ta uku ba a rubuta ta, lissafa ta ake yi. Idan aka riƙe tabarau nesa da fuska aka fuskanci sarari, za a ga ɗigon haske a kowane gilashin ido. Faɗinsa shi ne lamba ta biyu a raba da ta farko: 8x42 yana ba da milimita 5.25, 10x50 da 7x35 suna ba da 5, 8x30 yana ba da 3.75, ƙaramin 10x25 na aljihu kuma 2.5. Kafar da haske ke bi a baƙin idon mutum tana tsukewa zuwa milimita 2 ko 3 da rana, tana buɗewa zuwa 7 a duhu ga matashi, ga dattijo kuwa sau da yawa ba ta wuce 5. Ke nan da rana tsaka ƙaramin tabarau ya wadatar, amma da asuba da gab da magariba, lokacin da zomo da fakara suke fitowa, ɗigon milimita 2.5 yana duhunta abin da ake kallo. Sai dai Kano tana kan layi na 12 arewa da tsakiyar duniya, inda hasken bayan faɗuwar rana bai fi minti 25 ba. Ɗaukar 7x50 mai nauyin kusan kilo guda saboda waɗannan mintuna wahala ce da ba ta biya. Ɗigo mai milimita 4 zuwa 5 ya isa.

Bisa wannan lissafi, 8x40 ko 8x42 shi ne zaɓi na farko ga gona, 7x35 da 8x30 suna biye. Mai 10x50 yana da gurbinsa a bakin madatsar ruwa, inda kirinjijiya da ɗinya suke nesa a fili, kuma ana iya zama a jingina gwiwar hannu.

4.0 Ƙira da gilashi

Tabarau iri biyu ne. Akwai mai kafaɗa, wanda gilasan gabansa suka fi na ido nisa da juna. Ƙirar firizim ɗinsa, wato dunƙulen gilashin da ke miƙar da hoto, ta samo asali daga Ignazio Porro, ɗan Italiya, a 1854, kamfanin Carl Zeiss na Jamus kuma ya fara sayar da irinsa a 1894. Akwai kuma miƙaƙƙe mai kama da bututu biyu, wanda ya fi kyan gani da sauƙin ɗauka. Miƙaƙƙen yana buƙatar aiki mai zurfi da shafe na musamman kafin hotonsa ya yi kyau, saboda haka idan kuɗi ɗaya ne kuma kaɗan ne, mai kafaɗa yakan fi haske da kaifi. Rauninsa shi ne ƙura tana samun hanyar shiga, kuma faɗuwa ɗaya kan gusar da saitinsa.

Gilashin da ba a shafe ba yana mayar da kimanin kashi 4 cikin 100 na haske a kowace fuska, tabarau kuwa yana da fuskoki goma ko fiye. Shafe mai kyau yakan nuna launin kore ko shuɗi mai duhu, mai laushi. Jan gilashi mai ƙyalli kamar madubi, wanda ake tallatawa da sunan mai gani da dare, ado ne kawai: haske yake korewa, yana kuma sauya launin abu. Haka tabaran da ake iya ƙara wa ƙarfi da ragewa; a farashi mai araha filinsa ƙunci ne, saitinsa kuma ba ya daɗewa.

5.0 Gwaji kafin biya

Sayen tabarau ta waya cinikin biri a sama ne, sai fa idan an tabbatar za a iya mayarwa. Wanda ya shiga birni, ko Sabon Gari ko wurin 'yan gwanjo, ya nemi a bar shi ya fito da shi waje.

Ya fara da lambar kanta. Kasuwa cike take da tabarau masu rubutun 60x60 da makamantansu. Da rubutun gaskiya ne, gilashin gaba zai kai santimita 6, ɗigon haske kuma milimita 1 tak. Idan rula ta nuna gilashin bai wuce santimita 3.5 ba, ɗigon kuma ya kai milimita 4, to ainihin ƙarfinsa 8 ne ko 9. Wanda ya yi ƙarya a lamba ba abin amincewa ba ne a gilashi. Siffar ɗigon ma shaida ce: da'ira sosai tana nuna firizim mai kyau, irin da ake rubuta wa BaK-4, mai kusurwoyi masu toka-toka kuma BK-7 ne, wanda za a iya haƙuri da shi idan farashi ya sauka.

Gwajin da ya fi kowane muhimmanci shi ne na saiti. A kalli wayar lantarki ko saman gini mai nisa, a rufe idanu a buɗe da sauri. Idan abu ya bayyana biyu kafin ya haɗu, ko ɗaya ya fi ɗaya tsawo, bututun biyu ba sa kallon wuri ɗaya. Ido yana iya tilasta wa kansa haɗa hoton na ɗan lokaci, sakamakonsa ciwon kai ne, kuma masu gyaran wannan matsala ba su da yawa. Irin wannan ko kyauta ne ya yi tsada. Sannan a murza abin daidaitawa na tsakiya a ji ko yana tafiya sumul, a gwada zoben da ke gilashin dama wanda ke daidaita bambancin idanu biyu, a girgiza a ji ko wani abu na ƙara a ciki. A ƙarshe a haska tocila ta gilashin gaba: zare-zare masu kama da yanar gizo-gizo funfuna ce, ba ta gogewa daga waje.

Tsohon tabarau na Japan ko 8x30 na zamanin Tarayyar Sobiyet, idan ya tsallake waɗannan gwaje-gwaje, ya fi sabon da ba a san maƙerinsa ba. Ƙananan samfuran Nikon, Bushnell da Celestron su ne matakin da ke sama, amma ana kwaikwayon sunayensu, don haka suna ba ya ɗauke wa mai saye gwaji. Da yake farautar rani ta taro ce, babu abin da zai hana abokan fita su haɗa kuɗi ko su yi adashe su sayi guda ɗaya mai kyau, ya zauna a hannun wanda ya fi su ido.

6.0 Riƙo da ladabin amfani

Ƙurar hunturu tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi da suka fi gilashi tauri. Goge ta da bakin riga daidai yake da gurza gilashin. A fara hure ta ko a kaɗe da buroshi mai laushi, sannan a shafa da tsumma mai tsabta da aka ware don haka. A kan babur, tabarau ya zauna a ƙirji ko cikin jaka mai laushi, kada a ɗaure shi a bayan sirdi. Da damina a ajiye shi inda iska ke ratsawa, nesa da randa da jiƙaƙƙen bango. Kallon rana da shi, ko na ƙiftawa, yana iya ƙona ido har abada, saboda haka ba abin wasan yara ba ne.

A ƙasar da gidaje ke kusa da gonaki, katanga da danga an yi su ne don tsare mutuncin iyali. Mutumin da aka gani a kan tudu ko reshen kuka ya saita tabarau wajen gida ko rijiya ba zai sami mai sauraron bayaninsa ba. Ga halin tsaro kuma, wanda ya sa ake zargin duk baƙon da ke leƙen gari daga nesa. Mafarauci ya juya wa gidaje baya idan zai ɗaga tabarau, kuma idan ya shiga ƙasar wani dagaci, ya fara gabatar da kansa gare shi ko ga shugaban mafarautan wurin, ya nuna kayan da yake ɗauke da su.